Jini, ruwan sama da kwalbar sukari: yadda ake haɗa siddabarun fim da hannu a Kumasi

Yawancin ma'aunan da ke yawo a intanet na haɗa jinin fim, raunin jabu da gilashin sukari, wato gilashin jabu da ake fasawa a fim, an tsara su ne a ƙasashe masu sanyi da busasshiyar iska, an kuma gwada su a kan farar fata. Kumasi ta Ghana ba haka take ba. Da rana zafi yakan haura digiri 30, laima ba ta barin gari sai da hunturu, kuma fatar 'yan wasanmu baƙa ce ko wankan tarwaɗa. Abin da ya zauna daram a Landan yana iya narkewa a unguwar Aboabo kafin darakta ya gama gyara haske. Ma'aunan da ke ƙasa mun daidaita su ne da zafin nan da laimar nan, da kuma kayan da ake samu a kasuwannin Kejetia da Adum, da Suame Magazine, unguwar makanikai da masu walda.

Abubuwa uku ake yi tun kafin ranar aiki, don ba a fafe gora ranar tafiya. A gwada kowace dabara da kyamarar da za a yi aikin da ita, a ƙarƙashin fitilar da za a kunna, a jikin wanda zai yi wasan. A sayi duk rigar da za ta sha jini ko ruwa guda uku iri ɗaya. Sannan a tsara ɗauka yadda za a gama duk fitowar da kaya ke da tsabta kafin a ɓata komai.

Jini

Tushensa ruwan gulukos ne mai kauri, wanda masu sayar da kayan kek ke da shi. In babu, ka dafa naka: sukari kilo 1, ruwa rabin lita, ruwan lemun tsami cokali 1, a wuta kaɗan na minti 10. Zai ba ka lita ɗaya da ɗan ɗoriya. Lemun tsamin shi ke hana sukarin komawa tsakuwa-tsakuwa idan ya huce.

A kan rabin lita na wannan ruwan, zuba jar kalar abinci cokali 2 na cin abinci, shuɗiya ɗigo 3 zuwa 5, garin koko cokali 1, da sitacin masara cokali 1. Kokon cakulan muke nufi, ba wanda ake sha da ƙosai ba. Dama garin da sitacin a ruwan ɗumi kaɗan tukuna, sannan ka haɗa, ka tace da tsumma mai laushi. Ja shi kaɗai yana fitowa kamar alawar yara. Shuɗin ke ba shi zurfi, amma ɗigo-ɗigo ake sa shi, don in ya yi yawa jinin ya koma shunayya kuma ba ya gyaruwa sai dai a ƙara wani tushen.

Sitacin nan shi ne abin da ma'aunan waje ba su damu da shi ba, alhali a wajenmu shi ne rabin aikin. Jinin da haske ke ratsawa yana dogara ne da farin da ke ƙarƙashinsa. A farar riga ya yi kyau, a baƙar fata sai ya ɓace, ya zama kamar an zuba mai. Sitaci yana toshe shi, jan ya tsaya da ƙafarsa. Don haka ka gwada a hannun ɗan wasan, ba a farar takarda ba, ka kuma kalle shi a allon kyamara. In bai fito ba, ƙara sitaci rabin cokali ka rage koko, sannan ka sa fitila daga gefe don ta kama sheƙinsa.

Daga wannan haɗin za ka fitar da iri uku. Mai kauri, kamar yadda yake, na fuska da bakin rauni. Mai gudu, wanda aka tsinka da ruwa daidai wa daida, na bin tiyo da sirinji. Sai na tsohon tabo, wanda aka ƙara wa koko da ɗan garin kofi har ya yi ruwan ƙasa, domin jinin da ya kwana ba ja ba ne. Wanda za a zuba a tufafi a ɗiga masa sabulun wanke kwano kaɗan, zai shiga zare maimakon ya tsaya a sama kamar raɓa, kuma zai fi fita a wanki. Na baki kuwa ba a sa masa sabulu, a kwalba dabam ake ajiye shi da rubutu a jiki. Ka tuna zallar sukari ne: a tambayi ɗan wasa ko yana da ciwon sukari, in kuma da azumi ne a bar wannan fitowar sai bayan shan ruwa. Ba a ɗiga shi a ido ko kaɗan.

Kofi ɗaya, wato mililita 250, in aka zuba a siminti yana yin tafki mai faɗin kusan santimita 35. Wannan ya isa fitowar mutum ɗaya da ya faɗi. Masu zuba bokiti guda suna manta cewa duk jinin babban mutum wajen lita 5 ne kawai.

Ƙuda da kiyashi za su zo, don haka a rufe kwalba, a zuba na ƙasa a minti na ƙarshe. A zafin Kumasi haɗin yana tsami cikin kwana biyu ko uku in ba a firji yake ba. Kalar abinci tana kama fata, sai a shafa man kaɗanya siriri kafin a zuba. Wasu sukan ce me zai hana a yi da sobolo, wato zoɓo, tunda ja ne kuma ga shi ko'ina. Ba shi da kauri, a kyamara yana karkata zuwa shunayya, kuma farar shaddar da ya taɓa sai an sha wuya kafin ta dawo.

Rauni a fata

Mafi sauƙi shi ne ƙullin basilin da fulawa: basilin kashi 1, fulawa kashi 2 zuwa 3, a murza har ya daina kama yatsa, a rina shi da hodar da ta dace da fatar ɗan wasan. A goge wurin da sifirit, a ɗora, a baje gefen har ya saje, a tsaga tsakiya da bayan cokali. Yana yi wa ɗauka ta kusa a inuwa, amma rana na dukansa zai saki.

Jelatin ya fi kama da tsoka. Garin jelatin, gilisarin da ruwa, cokali ɗaya-ɗaya, a narkar a kofin da aka tsoma cikin ruwan zafi, kada ya tafasa. A gwada zafinsa a cikin wuyan hannu kafin ya taɓa kowa. Jelatin da yawa daga alade ake yin sa, don haka a duba kwali a nemi na shanu ko na kifi mai tambarin halal, ɗan wasa kuma ya san abin da ake manna masa. Babban makiyinsa gumi. A yi raunukan tun daren jiya a kan faranti, guda uku ko huɗu, a ajiye a kula mai ƙanƙara, a manna minti goma kafin ɗauka, ɗan wasa na zaune a gaban fanka.

Wajen launi ake yawan kuskure. Cikin sabon yanka ja ne mai haske, gefensa har da fari-fari, komai baƙin fatar mutum, saboda launin fata a saman-sama yake. Shatin duka kuma a baƙar fata ba ya yin shuɗi da kore irin na finafinan Turai. Wurin yakan ƙara duhu ne, ya kumbura, ya yi sheƙi. Kumburin da sheƙin za ka gina.

Adda da harbi

Sara da adda aikin mai walda ne. A sayi adda biyu iri ɗaya, a kai Suame a dakushe bakinsu gaba ɗaya. Ɗaya a bar ta haka don ɗagawa. Ɗayar a yanke mata rabin da'ira daidai kaurin dantse ko kafaɗar da za a sara, a goge yankan ya yi santsi, a liƙa masa roba. Ana ɗaukar ɗagawar da ta farko, a tsaya, a ɗora ta biyun a jiki, a ci gaba. A bayan ruwan addar, ɓangaren da kyamara ba ta gani, ake manna siririn tiyo irin na ƙarin ruwa, sirinjinsa a tafin mai saran. Ƙarar kuwa daga baya ake sa ta, da kabeji ko kankana a kan katako.

Harbi da iska ake yin sa. Ana buƙatar famfon feshi na hannu mai lita 5, sabo fil, wanda bai taɓa ɗaukar maganin ƙwari ba. Wanda aka aro daga gonar koko ba ya shiga wannan aikin ko an wanke shi sau goma. Cire kan feshin, ka haɗa tiyo mai faɗin ciki milimita 6 zuwa 8, tsawon mita 2 zuwa 3. Toshe ƙarshen tiyon da gam, ka yanka rami mai faɗin santimita 1 a gefensa, kusa da toshiyar. Tiyon ya bi ta ƙafar wando ko ta baya, ya hau har inda harsashin zai samu, a ɗaure da filasta, ramin na kallon waje. Zuba jini mai gudu mililita 20 zuwa 30 ta ramin da sirinji, ka cusa guntayen soso jiƙaƙƙu su riƙe shi. Su ne kuma za su fito kamar tsoka. Rigar a kankare ta ta ciki da samfefa, a yi mata 'yar tsaga da reza, a manne ta daidai kan ramin. Tankin babu ruwa a ciki, iska kawai. Buga famfon sau 15 zuwa 25, darakta ya ƙirga uku, a danna.

In jinin ya tsiyaye maimakon ya fashe, ko iska ta yi kaɗan, ko jinin ya yi kauri, ko tiyon ya lanƙwashe a gwiwa. In rigar ta kumbura jini ya zubo ta ciki, tsagar ta goce daga ramin. In ɗan wasa ya runtse ido kafin lokaci, a daina ƙirgawa da ƙarfi, mai famfon ya bi motsin mai bindigar. Ba a nufar ramin wajen fuska.

Kada a ɗaura wa mutum nokawut, abin fashewar nan na wasa, a ƙirji da sunan harsashi. Yana ƙona fata, kuma haramtacce ne a Ghana, 'yan sanda na tunatarwa duk ƙarshen shekara. Bindiga ta zama ta roba ko ta katako, walƙiyar bakinta a sa a wajen tace hoto. Ɗan wasa Brandon Lee ya mutu a 1993, mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins a 2021, dukansu a wajen ɗaukar fim a Amurka, da bindigar gaske da aka ɗauka ba ta da haɗari. Ko da ta robar ce, a sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa da mai unguwa tun kwana biyu kafin nan. Mutanen unguwar Asawase ko Sawaba da suka ga wani da bindiga a lungu da dare ba za su tsaya tambayar sunan fim ba.

Gilashin sukari

Sukari kofi 3 da rabi, ruwan gulukos kofi 1, ruwa kofi 2, ruwan lemun tsami cokalin shayi 1. Tukunya mai kaurin gindi, da ma'aunin zafi irin na masu alawa. Juya har sukarin ya narke, daga nan ka cire cokali, kada ka sake juyawa, domin juyi bayan tafasa ke sa shi yin gari-gari ya yi hazo. Ruwan zai ƙone a hankali, zafin ya daɗe a wajen digiri 105 zuwa 110, sannan ya fara hawa da sauri. A digiri 150 ka sauke. Ƙasa da 145 zai fito yana lanƙwasa kamar roba, daga 160 kuma ya fara ja kamar zuma. Jira kumfa ta kwanta, ka zuba a tiren da aka shafa wa mai siriri, a kan tebur da ba ya karkata, kauri milimita 3 zuwa 4. Cikin awa ɗaya ya daskare.

Narkakken sukari ya fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba, kuma yana manne wa fata. Safar hannu, takalmi rufaffe, bokitin ruwan sanyi a gefe, yara a waje.

Sukari yana zuƙar laimar iska. A watan Yuni, tagar da ka fitar za ta fara danƙo da dusashewa cikin awa ɗaya ko biyu. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, takan kai yini. In jadawalin fim zai ba da dama, a kai fitowar fasa taga can. In ba zai yiwu ba, a dafa a ranar, a naɗe a leda tare da ƙunshin ƙwayoyin tsotse laima irin na kwalin takalmi, a buɗe sai an ce a ɗauka. Firji ba mafita ba ne: kana fitar da shi raɓa ta sauka a kai. Kwalba tana buƙatar mazubin silikon, a zuba, a jujjuya, a tsiyaye ragowar, a bar bango mai kaurin milimita 2 zuwa 3. Mai ruwan ƙasa ko koriya ta fi sauƙi tunda launin na ɓoye jan sukarin. Da cikin kwalbar ake duka, ba da gindinta ba, don nan sukari ke taruwa ya yi kauri. Ɓaraguzansa ma suna yanka, a share kafin wani ya faɗi a kai.

Ruwan sama

Ruwan sama na gaske ba ya fitowa sosai a kyamara, ba ya kuma jiran darakta, shi ya sa ake haɗa nasa ko da damina. Sirrinsa haske ne daga baya. Fitila ta tsaya a bayan 'yan wasa, sama, ta ɗan karkata gefe, bayan fage kuma ya zama mai duhu: bango, itatuwa, ko dare. In ka haska daga inda kyamara take, za ka ƙarar da tanki guda kana ganin mutane jiƙe ba ka ga ruwa ba. Rana a Kumasi tana faɗuwa wajen ƙarfe shida kusan duk shekara, don haka a kafa kaya da la'asar, a gwada bayan magariba, a fara bayan isha'i.

Kayan aikin: tanki mai lita 1,000, injin tura ruwa mai ƙarfin doki 1, tiyo, bututun roba mai inci uku bisa huɗu tsawon mita 3, kawunan ban ruwa na lambu biyu ko uku, da gorori biyu masu tsawon mita 4 zuwa 5 da za su ɗaga bututun. Kawunan su kalli sama. Ruwan ya tashi, ya watse, ya faɗo da nauyinsa. In suka kalli ƙasa shawa ka yi. In za ka huda bututun da kanka, rami ya zama milimita 1.5 zuwa 2: ƙasa da haka hazo ne da iska za ta kwashe, sama da haka famfo ne. Layi biyu ya fi ɗaya, na farko tsakanin kyamara da 'yan wasa, na biyu a kansu ko ɗan bayansu. Da gilashin kyamara mai jawo nesa, waɗannan biyun sun isa su cika hoto kamar duk unguwar ake ruwa.

Auna ruwanka kafin dare. Ɗauki jarkar nan mai ruwan ɗorawa da ake kira galan ɗin Kufuor, ka ga cikin daƙiƙa nawa injin ke cika ta. In mai lita 20 ce ta cika a daƙiƙa 30, kana cin lita 40 a minti, tankinka minti 25 ne kacal. Don haka mutum ɗaya ya tsaya a kan makunni, ya kunna daƙiƙa biyar kafin wasa, ya kashe ana cewa a tsaya. Ruwan ya zama na famfo ko na rijiyar burtsatse. Na rafi ko kwata ba ya hawa fuskar mutum.

A jiƙa duk ƙasa da bango da rufin da ke cikin hoto, domin busasshen lungu a can baya shi ke tona asiri. Wutar Ghana bolt 230 ce mai bugu 50 a daƙiƙa, saboda haka firam, wato hoto, 25 a daƙiƙa da shata, wato ƙiftawar idon kyamara, 1/50 na daƙiƙa ke hana fitilu rawa, kuma yana ba ruwan dogayen zare. In kana son ɗigo ya fito ɗai-ɗai, koma 1/100 ka ƙara haske. Rufin kwano kuwa zai cinye maganar 'yan wasa, sai a shimfiɗa masa buhunan algarara biyu-biyu. Ɗaukar fuska ta kusa da za a yi bayan an kashe injin, a fesa gilisarin da ruwa rabi da rabi, ba ya bushewa da wuri.

Inda ake mutuwa a wannan aikin shi ne wuta. Duk mahaɗar waya a ɗaga ta daga ƙasa a rufe da leda, layin ya bi ta na'urar da ke katse wuta idan ta zurare, mai miliamfiya 30, janareto kuma ya zauna a busasshen wuri nesa da inda ruwa ke gangarawa. Fitila mai batir ta fi kwanciyar hankali. Tsohuwar fitila mai zafi in ruwan sanyi ya taɓa gilashinta fashewa take yi. A tanadi tawul da shayi, don minti ashirin a jiƙe da dare yana sa mutum karkarwa ko a Kumasi.

Hayaƙi da wuta

Injin hayaƙi yana aiki da gilisarin kashi 15 zuwa 30 cikin ɗari a tataccen ruwa irin na batir, wanda babu asid a ciki. Ruwan famfo yana toshe bututun injin da gishiri. A ɗaki, a busa kaɗan, a kaɗa da kwali har ya baje, a jira ya lafa, sannan hasken taga zai fito kamar sanda. Shi ma daga baya ake haska shi. In babu inji, turaren wuta a kasko yana yi, amma gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ke kisa ba tare da wari ba, sai a bar ƙofa a buɗe a fitar da kaskon tsakanin ɗauka. Hayaƙin da ke kwanciya a ƙasa, irin na fitowar aljanu da bokaye, ana samun sa ta hanyar bi da hayaƙin inji ta cikin kula cike da ƙanƙara. A waje da asuba ake yi, kafin iska ta tashi. A tambayi masu asma tukuna. Taya kuwa ba a ƙona ta, baƙin hayaƙinta guba ne, kuma ba ya tsayawa inda kake so.

Yawancin fitowar gobara ba ta buƙatar wuta. Fitila mai launin lemo, wani yana kaɗa yatsu ko tsumma a gabanta, da hayaƙi a baya, sun isa a ga wuta a fuskar ɗan wasa. In dole sai an ga harshenta, a sa ƙaramar wuta a kaskon ƙarfe mita 2 daga kyamara, ɗan wasa ya tsaya mita 5 ko fiye a bayanta, a ɗauka da gilashi mai jawo nesa, sai a ga kamar a cikinta yake. A fili ake yin wannan, ba a tsakar gidan haya na Zango da ɗakuna ke manne da juna ba. Fetur ba ya zuwa wurin sam, domin tururinsa ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa har ya tarar da wuta a inda ba a zata ba. Tufafin duk wanda ke kusa su zama na auduga, don nailan narkewa yake ya manne a jiki. A ajiye tukunyar kashe gobara biyu masu hoda, bokitin yashi da jiƙaƙƙen bargo, a hannun mutum biyu da ba su da wani aiki sai kallon wutar. Bututun wuta mai aiki da gas, ko kunna wuta a jikin mutum, aikin ƙwararre ne tare da 'yan kwana-kwana a tsaye a wurin. Ana zuwa ofishinsu a nemi hakan tun kafin ranar, lambarsu ta gaggawa kuma 192 ce, ko 112.